YADDA MOTA TA SHIGA GIDAN TALAKA A ƘASAR JAFAN

Gabatarwa

Duk wanda ya tsaya a bakin titi a Kano ko Zariya ko Sakkwato, ya ƙirga motoci goma da suka wuce ta gabansa, da wuya ya rasa ganin Toyota ko Honda ko Nissan a cikinsu. Saboda sabon da muka yi da su, sai mutum ya zaci tun fil azal Jafanawa mutanen mota ne. Alhali kuwa a shekarar 1950 duk ƙananan motocin shiga da aka ƙera a ƙasar nan tasu ba su kai dubu biyu ba. Bayan shekara talatin kacal, watau a 1980, sai ga Jafan ta shige gaban Amurka wajen yawan ƙera motoci, fiye da rabin gidajen ƙasar kuma suna da motar kansu.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin yadda mota ta tashi daga hannun manyan gwamnati da attajirai da direbobin tasi, ta shiga hannun malamin makaranta da akawu da manomi. Za mu ga cewa arahar mota ita kaɗai ba ta kawo haka ba. Sai da abubuwa huɗu suka haɗu: motar da ta dace da ƙasa, albashin da zai iya sayenta, hanyar da za ta bi, da bashin da za a biya kaɗan-kaɗan.

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu

Lokacin da Jafan ta buɗe ƙofofinta ga ilmin Turawa bayan juyin sarauta na 1868, abin da ta fi mayar da hankali a kai shi ne jirgin ƙasa. A cikin birane kuwa abin hawan jama'a shi ne keken nan mai ƙafa biyu da mutum ke ja a guje. An yi ta gwada ƙera mota tun da wuri: akwai Takuri ta 1907, da DAT ta 1914, da wadda Mitsubishi ya yi a 1917, wadda duka-duka guda 22 aka ƙera. Amma duk waɗannan aikin hannu ne, tsadarsu ta fi ƙarfin mutane.

Abin da ya fara nuna wa Jafanawa amfanin mota masifa ce. Ran 1 ga Satumba, 1923, girgizar ƙasa ta rushe Tokiyo da Yokohama, ta hallaka mutum fiye da dubu ɗari, ta lalata hanyoyin jiragen cikin gari. Hukumar birnin Tokiyo ta yi odar ƙashin motocin Ford guda 800 daga Amurka, aka ɗora musu jiki da bencina, suka zama bas-bas. Da kamfanin Ford ya ga akwai kasuwa, sai ya buɗe wurin harhaɗa motoci a Yokohama a 1925, General Motors kuma ya buɗe nasa a Osaka a 1927. Daga nan har tsakiyar shekarun 1930 galibin motocin da ke kan titunan Jafan na waɗannan kamfanoni biyu ne, kuma yawancinsu tasi ne da motocin ɗaukar kaya.

A cikin wannan hali ne 'yan gida suka ɗago kai. Sakichi Toyoda maƙerin injin saƙa ne. A 1929 aka sayar wa kamfanin Platt Brothers na Ingila izinin ƙera injinsa a kan fam dubu ɗari, ɗansa Kiichiro kuma ya juya ga harkar mota, har aka kafa kamfanin Toyota a 1937. A ɗaya ɓangaren Yoshisuke Aikawa ya kafa kamfanin da ya zama Nissan, mai ƙera ƙaramar motar nan Datsun. A 1936 gwamnati, wadda sojoji suka riga suka kankane, ta kafa dokar da ta ɗaure wa kamfanonin gida gindi, ta ƙuntata wa na waje, har Ford da General Motors suka daina aiki a 1939. Sai dai fa sojoji ba motar shiga suke so ba, manyan motocin ɗaukar kayan yaƙi suke nema. Saboda haka talaka bai amfana da komi ba.

Bayan Yaƙi

Jafan ta miƙa wuya a 1945, biranenta sun zama toka, mutane na neman abin da za su sa a baki. Amurkawan da suka mamaye ƙasar suka hana ƙera motocin shiga. A 1947 suka yarda a yi ƙanana 300 a shekara, ba a ɗage hanin gaba ɗaya ba sai a 1949. Abin hawan wannan zamani shi ne keke, da keken da aka maƙala wa ɗan inji, da babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, irin waɗanda Daihatsu da Mazda na Hiroshima suke yi. Mai karatu da ya san A Daidaita Sahu ya san kamanninsu.

A 1950 Toyota ya kai bakin rushewa. Kuɗi suka ƙare, ma'aikata suka shiga yajin aiki, bankuna suka ce ba za su ba da rance ba sai an rage ma'aikata, an kuma raba sashen sayarwa da na ƙerawa. Aka sallami mutane masu yawa, Kiichiro da kansa ya sauka daga shugabanci. Har shugaban babban bankin ƙasar na lokacin, Hisato Ichimada, yana da ra'ayin cewa ba dole ne Jafan ta wahalar da kanta da ƙera motoci ba, tun da za ta iya sayowa daga Amurka.

Hausawa na cewa mutuwar wani tashin wani. A watan Yuni na wannan shekara yaƙin Koriya ya ɓarke, sojojin Amurka suka shiga yin odar dubban manyan motoci daga kamfanonin Jafan, suna biya da dala. Da wannan kuɗi aka sabunta injunan masana'antu. Daga nan kamfanoni suka rabu biyu wajen neman sani. Nissan ya ƙulla yarjejeniya da Austin na Ingila a 1952, Isuzu ya ɗauki Hillman, Hino ya ɗauki Renault ta Faransa. Abin lura a nan shi ne, sun fara da harhaɗa kayan da aka kawo musu a akwati, amma suka ɗaura niyyar kowace shekara a ƙara yawan kayan da ake yi a gida, har cikin 'yan shekaru suka iya ƙera motar ɗungurungum. Toyota kuwa ya ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, ya fito da Crown tasa ta kansa a 1955. Amma Crown motar manya ce da 'yan tasi.

Motar Talaka

A watan Mayu na 1955 wata jarida ta fallasa wani shiri da ake tattaunawa a ma'aikatar ciniki da masana'antu, na ƙera abin da suka kira motar jama'a. An zayyana siffofinta: ta ɗauki mutum huɗu, ta iya gudun kilomita 100 a awa, ta ci kilomita 30 da litar fetur ɗaya, kuɗinta kuma kada ya wuce yen 250,000. Nufin ma'aikatar shi ne a yi gasa, a zaɓi mota ɗaya, gwamnati ta tallafa mata. Kamfanoni suka duba suka ce ba zai yiwu a wannan farashi ba, shirin kuma bai taɓa zama doka ba. Duk da haka maganar ta riga ta shiga kunnen jama'a, ma'aikaci ya fara tunanin cewa ashe shi ma wata rana zai iya hawa motarsa.

Akwai kuma wata ƙofa da doka ta bari a buɗe. Tun 1949 aka ware wani rukuni na ƙananan motoci da ake kira "kei", ma'anarsa mara nauyi. Daga tsakiyar shekarun 1950 aka tsayar da girman injinsu a kan si-si 360, watau awon da ake gwada faɗin cikin inji da shi. Harajinsu kaɗan ne, lasin tuƙa su ma a wancan lokaci ya fi sauƙin samu. Suzuki, wanda shi ma asalinsa maƙerin injin saƙa ne, ya gwada da Suzulight a 1955.

Wadda ta ciri tuta ita ce Subaru 360 ta 1958. Waɗanda suka ƙera ta, ƙarƙashin injiniya Shinroku Momose, tsofaffin ma'aikatan kamfanin jiragen sama na Nakajima ne. Bayan yaƙi an hana Jafan ƙera jirage, sai suka kawo sanin da suke da shi na rage nauyi cikin harkar mota. Nauyinta kilo 385 ne kawai, amma tana ɗaukar manyan mutane huɗu, an kuma gwada ta a hawan dutsen Akagi ta haye. Saboda ƙanƙantarta da kewayen jikinta, jama'a suka laƙaba mata sunan wani ɗan ƙwaro mai ɗigo-ɗigo a baya. Kuɗinta yen 425,000, a lokacin da wanda ya gama jami'a ya kama aiki ba ya samun yen 15,000 a wata. Ke nan sai ya tara albashin fiye da shekara biyu, bai ci ba bai sha ba. Don haka masu sayenta na farko likitoci ne da masu kantuna. Mazda ya biyo baya da R360 a 1960 a kan yen 300,000.

Labarin Publica, wadda Toyota ya fitar a 1961 a kan yen 389,000, yana da darasi. Mota ce mai ƙwari, mara shan mai, amma an cire mata duk wani ado don a rage kuɗi: babu rediyo, babu abin ɗumama ciki, babu ƙarfe mai walƙiya. Kasuwarta ta ƙi tafiya yadda aka zata. Sai da aka fito da irinta mai ado a 1963 sa'an nan ciniki ya kankama. Ashe wanda ya sha wahalar tara kuɗin mota ba ya son wadda za ta riƙa shelar talaucinsa a cikin unguwa.

Albashi, Hanya da Bashi

A 1960 Firayim Minista Hayato Ikeda ya yi alkawarin ninka abin da ƙasa ke samu cikin shekara goma. Ba a kai shekara goman ba aka cim ma haka, domin tattalin arzikin yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin ɗari kowace shekara. Kowace bazara ƙungiyoyin ƙwadago sukan haɗa kai su nemi ƙarin albashi, su kuma samu. A shekarun 1950 burin kowane gida shi ne abubuwa uku: talabijin, injin wanki da firiji. Da waɗannan suka samu, sai buri ya koma kan wasu ukun: talabijin mai kala, na'urar sanyaya ɗaki, da mota.

Hanya kuwa ita ce babbar matsala. A 1956 wata tawagar masana daga Amurka, ƙarƙashin Ralph Watkins, ta zo duba hanyoyin ƙasar, ta tarar kusan kashi uku cikin huɗu na manyan hanyoyin gwamnati ba su da kwalta. Amma tun 1953 wani ɗan majalisa, Kakuei Tanaka, wanda daga bisani ya zama Firayim Minista, ya jagoranci kafa dokar da ta ce harajin fetur a kashe shi kan gina hanyoyi kawai. Dabarar a nan ita ce, yawan motoci yana kawo yawan haraji, haraji ya gina hanya, hanya kuma ta jawo ƙarin motoci. Da rancen Bankin Duniya aka gina babbar hanyar Meishin tsakanin yankin Nagoya da Kobe, aka buɗe sashenta na farko a 1963, aka gama a 1965. Ta Tomei, wadda ta haɗa Tokiyo da Nagoya, ta kammala a 1969.

Sai kuma dabarun ciniki. Shotaro Kamiya, shugaban sashen sayarwa na Toyota, ya koyi aiki ne a General Motors kafin yaƙi. Ya fahimci cewa ba a fafe gora ranar tafiya: wanda bai iya tuƙi ba ba zai sayi mota ba. Saboda haka kamfaninsa ya sa kuɗi a makarantar koyon tuƙi, ya faɗaɗa tsarin biya wata-wata, ya baza dillalai suna bin gida-gida, suna sanin iyalin mutum, har su san lokacin da motarsa ta isa canji.

Shekarar 1966

Jafanawa suna kiran 1966 shekarar farko ta "maika". Wannan kalma sun aro ta daga kalmomin Ingilishi biyu masu nufin "motata", suka lanƙwasa ta ta dace da harshensu, kamar dai yadda mu muka aro "mota" da "direba". A watan Afrilu Nissan ya fito da Sunny mai si-si 1,000. An nemi jama'a su zaɓa mata suna, aka sami wasiƙu fiye da miliyan takwas, abin da ke nuna irin ƙishirwar da ake yi. Toyota ya sami labarin girman injin Sunny, sai ya ƙara wa tasa si-si ɗari, ya fito da Corolla mai si-si 1,100 a watan Nuwamba a kan yen 432,000, ya kuma gina tallarsa duka a kan wannan rata ta ɗari.

Babban injiniyan Corolla, Tatsuo Hasegawa, shi ma tsohon mai zanen jiragen sama ne, kuma shi ne ya yi Publica, don haka ya san inda aka yi tuntuɓe. Aƙidarsa ita ce kada motar ta ci ƙasa da maki tamanin a kowane fanni, sa'an nan a sami wani abu guda da za ta yi fice a kai, wanda zai burge mai saye. Mai karatu zai lura cewa kuɗin Corolla kusan ɗaya ne da na Subaru 360 shekara takwas kafin nan, alhali ta ninka ta uku a girman inji, albashi kuma ya kusa ninkawa. A nan ne faɗuwa ta zo daidai da zama. Daga 1969 Corolla ta riƙe kambin motar da aka fi saye a Jafan har shekara 33 a jere. A 1967 kuma Honda, wanda ya riga ya yi suna da babur ɗin Super Cub, ya fito da N360 a kan yen 313,000, matasa suka yi mata rububi.

Alƙaluma sun isa shaida. A 1960 motocin shiga da ke ƙasar ba su kai rabin miliyan ba. A 1965 sun wuce miliyan 2, a 1970 sun doshi miliyan 9, a 1980 sun haura miliyan 23. A 1970 gida ɗaya cikin biyar ke da mota, a 1980 fiye da rabi, a 1990 kuwa fiye da uku cikin huɗu. Ya kamata a tuna cewa duk wannan lokaci gwamnati ta kāre kasuwar gida, ba ta sakar wa motocin shiga na waje mara ba sai a 1965, bayan 'yan gida sun yi ƙarfi.

Kowane Allazi da Nasa Amanu

Motoci sun ƙaru da saurin da hanyoyi suka kasa bi. Yawancin titunan unguwanni ƙuntatattu ne, ba su da gefen masu tafiya a ƙasa, yara da tsofaffi suka zama abin bankewa. Jaridu suka riƙa kiran abin "yaƙin kan titi", domin mutanen da ke mutuwa sun kai a gwada su da na fagen fama. A 1970 kaɗai mutum 16,765 suka rasu a haɗarin mota. A watan Yuli na wannan shekara ɗalibai mata da dama suka kamu da ciwon ido da sarƙewar numfashi a filin wasan wata makaranta a Tokiyo, aka gano gurɓatacciyar iska ce da hayaƙi ya haifar. A 1974 masanin tattalin arziki Hirofumi Uzawa ya wallafa littafi inda ya nuna cewa mai mota ba ya biyan cikakken kuɗin ɓarnar da motarsa ke yi, jama'a ne ke biya da lafiyarsu da rayukansu.

Hukuma ba ta naɗe hannu ba. Tun 1962 aka kafa dokar da ta hana mutum yi wa mota rajista a birane sai ya nuna shaidar wurin ajiye ta. Aka kafa dokar kiyaye haɗari a 1970, aka yawaita fitilun ba da hannu da gadojin masu ƙafa, aka shigo da tsarin rage wa direba maki har a karɓe lasinsa. Kafin 1979 mace-macen sun ragu zuwa kusan rabi, a 2023 kuwa ba su kai 2,700 ba. Dokar hayaƙi ta 1978 tana cikin mafi tsauri a duniya a zamaninta. Kamfanoni sun yi ƙorafi, amma wani hani ga Allah baiwa ne: da wannan doka da tsadar man da ta biyo bayan rikicin 1973, sai suka ƙware wajen ƙera inji mai tsabta mara shan mai, irin na Honda Civic, abin da ya buɗe musu kasuwar Amurka da sauran duniya.

Mota ta Biyu, da Abin da Ya Biyo Baya

Zangon ƙarshe na yaɗuwar mota ya faru ne a ƙauyuka da tsakanin mata. A 1979 Suzuki ya fito da Alto a kan yen 470,000. An yi mata rajista a matsayin motar kaya don ta kuɓuta daga harajin kayan alatu, matan aure suka karɓe ta don kai yara makaranta da zuwa cefane da wurin aiki. Manoma kuma suka rungumi ƙaramar akori-kura ta rukunin "kei", wadda ke iya bin kunyar gonar shinkafa. Da mutanen karkara suka koma mota, sai jiragen ƙasa da bas-bas na ƙauye suka rasa fasinja, aka rufe layuka da yawa a shekarun 1980, wanda ba shi da mota ya ƙara shiga ƙunci.

Yau ƙasar ta rabu biyu. A Tokiyo, inda jirgin ƙasa ya wadata, kuɗin wurin ajiye mota kuma ya yi tsada, in aka raba motoci bisa gidaje, gida biyu ba su samun mota ɗaya cikakkiya. A jihar karkara irin Fukui kuwa gidaje da yawa suna da biyu. Ƙananan motocin "kei", waɗanda aka ƙara girman injinsu zuwa si-si 660 a 1990, sun kai fiye da kashi ɗaya cikin uku na sababbin motocin da ake saye. Samarin birni da yawa ba su damu da mallakar mota ba kamar kakanninsu, yayin da tsofaffin ƙauye ke fargabar mayar da lasinsu, domin ba su da wata hanyar zuwa asibiti.

Kammalawa

Mun ga cewa Jafan ta fara ne daga inda ƙasashe da yawa suka fara, watau harhaɗa motocin wasu. Mu ma a 1975 an buɗe masana'antar Peugeot a Kaduna da ta Volkswagen a Legas, a daidai lokacin da kuɗin mai da ƙarin albashin Udoji suka sa ma'aikata sayen ababan hawa. Amma da kuɗin mai ya ja baya a shekarun 1980, sai aikin waɗannan masana'antu ya ja baya tare da shi, domin galibin kayan daga waje ake kawo su, muka koma ga motocin da wasu suka hau suka gaji. Bambancin shi ne, a Jafan ma'aikacin da ke ƙera mota da wanda ke yi mata taya da gilashi da ƙarfe su ne suka zama masu sayenta, kuɗin ya yi ta kewayawa a cikin gida. Harajin mai ya tafi inda aka ce zai tafi, dokar da aka kafa kuma aka bi ta. Ko a hakan ma sai da suka binne dubban mutane kafin su koyi zama da mota lafiya. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ya rage ga masu tsara mana birane, da mu ɗaliban da za mu gaje su, mu duba wannan tarihi da idon basira. Allah Ya sa mu dace.